Cinyar rago: a obin ko a kan gawayi?

Hajiya, kin ce kin ware cinya ɗaya daga ragon suna, kina so ki gasa ta da tafarnuwa da ganyen ƙamshi, amma kin rasa wanne ya fi tsakanin obin da gawayi. Na gwada duka biyun.

Ki fara duba ragon kansa. Turawa ɗan ragon da bai kai shekara ba suke gasawa, mai taushi, shi ya sa awa ɗaya da rabi ke isarsu. Namu kuwa, Balami ne ko Uda ko ɗan ƙasa, ya girma ya sha yawo, tsokarsa na da ƙarfi. Don haka ni dai obin na fi yarda da shi.

Ki soke cinyar da tsinin wuƙa wuri-wuri, ki cusa ɓararriyar tafarnuwa can ciki. Ki daka citta da masoro da kanumfari kaɗan da gishiri da na'a-na'a ko ɗoɗɗoya, ki kwaɓa da man gyaɗa, ki mulke ta ta kwana a firij. Washegari ki shimfiɗa albasa a faranti, ki ɗora cinyar a kai, ki zuba ruwa kofi ɗaya, ki rufe ruf da foyil. Cinya mai kilo 2 tana son awa 4 a zafin digiri 160 na ma'aunin Celsius. Daga nan ki buɗe, ki kai wutar 200 na minti 20 bayanta ya yi ja. Za ki ga nama yana saɓulewa daga ƙashi, ga romo kwance a ƙasa yana jiran gurasa.

Gawayi kuma ƙamshin hayaƙi ne da shi, wanda obin ba zai taɓa ba ki ba. Sai dai cinya sukutum a kan garwashi, waje ya ƙone, jikin ƙashi na jini. Ki lura da masu balangu a Tudun Wada ko Sabon Gari, sai sun zare ƙashi sun buɗe tsokar ta baje kafin su ɗora. Haka za ki yi, kuma ki jira gawayin ya yi toka-toka. Tafarnuwar da ta rage a waje ki share ta, in ta ƙone ɗaci take yi.

In obin ɗinki na lantarki ne kuma ba ki da tabbacin wutar awa 4, ki kama gawayi kawai. Kowanne kika bi, ki bar ta a rufe minti 15 kafin ki sa wuƙa, kada ruwan naman ya tsiyaye a faranti.