Mercury Mariner ko Saturn Vue: Wacce Za Ta Iya Zaman Kaduna?

Wani ɗan'uwa ya ce an kawo masa jif biyu 'yan Kwatano, Mercury Mariner ta 2008 da Saturn Vue ta 2006, kuɗinsu bai kai na RAV4 ba ko kusa, amma yana tsoro tunda duka an daina ƙera su. Malam, tsoronka na kan hanya, sai dai motocin nan biyu ba a sahu ɗaya suke ba.

General Motors ta rufe Saturn a 2010, Ford kuma ta rufe Mercury a farkon 2011. Amma Mariner ba wata mota ba ce daban. Ford Escape ce aka sauya wa fuska da tambari, kuma ita ce dai Mazda Tribute. Inji, giya, shokozoba, burki, lagireto, duk na Escape ne na shekarunta. Idan ka shiga kasuwar kayan mota ta Ori-Apata ko Panteka, kada ma ka ambaci Mercury, za a tsaya ana kallonka ne ko a ninka maka kuɗi. Ka ce kayan Escape kake nema. Abin da zai ba ka wuya shi ne fitilun gaba da na baya, da bamba, da ragar gaba, domin waɗannan nata ne na kanta.

Vue kuwa sai an buɗe bonet kafin a yi magana. Daga 2004 zuwa 2007, mai silinda shida injin Honda take ɗauke da shi, 3.5, dangin na Pilot da Odyssey, har giyar ma ta Honda ce. Wannan kam bakaniken Honda zai gane shi da kallo ɗaya, fulogi da famfon ruwa da bel ɗin taimin ba za su gagara ba (ka tambayi yaushe aka canza bel ɗin, in ya tsinke kan inji ya tafi). In mai silinda huɗu ce, 2.2 na GM ne, kuma masu riƙe shi a nan ba su da yawa. Waɗanda suka zo da giyar VTi (giyar otomatik mai aiki da bel), 'yan 2005 zuwa baya, ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani.

To amma mota ba inji kaɗai ba ce. Duk sauran jikin Vue na GM ne: wayoyi, birenbos, sitiyari mai lantarki, kayan ƙafa. Nan ne ake zama. Mai Keke Napep ya goge ka a Kawo, ƙofar kuma roba ce, ba ƙarfe ba. Ba ta tsatsa, ba ta lotsewa, amma in ta tsage fanalbita ba shi da abin bugawa. Sai a buga waya kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, in babu a aika Ladipo a Legas, in can ma babu sai jiran a yanka wata. Arha ta zama araha ba ta ado.

Ita ma Mariner tana da nata halin. Ford ta taɓa kiran 'yan 2008 zuwa 2011 gyara saboda na'urar sitiyarin lantarki, don haka ka tuƙa ta ka ji ko sitiyarin na yin tauri haka kawai. Ka kuma sa a ɗaga ta a duba saman tayoyin baya inda shokozoba ke kamawa, motocin da suka sha gishirin titi a Amurka nan suke ruɓewa. Mai silinda shida, 3.0, tana shan mai, kuma canza fulogin baya sai an cire manifol. Ni mai silinda huɗu, 2.3, zan nema.

Ranar sayarwa duka biyun za ka sha ragi, amma Mariner aƙalla dillali zai iya ce wa mai saye Escape ce.

In tsakanin biyun nan ne, Mariner zan ɗauka, Vue kuwa sai mai injin Honda kuma sai in akwai wata motar a gida. In tsayin mota bai dame ka ba, ka leƙa Pontiac Vibe: Pontiac ma ta rufe a 2010, amma Toyota Matrix ce da injin Corolla. Kafin ka biya, ka duba cewa lambar shasi ta yi daidai da ta takardun kwastan.