Kwas ɗin hana cin zarafi a wurin aiki na birnin New York: minti 45 kyauta, da aikin da ya bar wa mai kamfani

Duk mai kamfani ko shago a birnin New York da ke da ma'aikata 15 ko fiye, doka ta ɗora masa horar da su kowace shekara kan cin zarafi na lalata a wurin aiki. Dokar birnin ta fito ne a 2018, lokacin da guguwar MeToo, ta mata masu fitowa fili suna bayyana cin zarafin da aka yi musu, ke kaɗawa a Amurka, sharaɗin horon kuma ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2019. Ita kuwa jihar New York ba ta ma ƙirga kai: ko mutum ɗaya ka ɗauka aiki, sai ka horar da shi duk shekara. Don kada ƙananan kamfanoni su fake da rashin kuɗin hayar masu horarwa, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta birnin ta saka nata kwas a intanet, kyauta, kuma an tsara shi yadda zai cika sharaɗin birni da na jiha a zama ɗaya. Mutanenmu da ke Bronx da Harlem, masu aikin kula da tsofaffi a gida, masu gadi, masu shara da goge-goge a ofisoshi, da waɗanda suka buɗe nasu ƙananan kamfanonin, duk wannan doka ta hau kansu.

Ra'ayina a taƙaice: kwas ɗin ya isa ya fitar da kai daga hannun doka, in ka haɗa shi da abin da dokar ta ce ka haɗa. Bai isa ya gyara wurin aiki ba, kuma ba laifinsa ba ne gaba ɗaya.

Yana ɗaukar kusan minti 45. Ana karantawa, ana saurare, ana amsa tambayoyi a hanya, a ƙarshe a fitar da takardar shaida. Waɗannan tambayoyin ba ado ba ne. Ka'idar jihar ta ce dole horon ya zama na ba-ni-in-ba-ka. A zaunar da ma'aikaci gaban bidiyo ya kalla ya tashi ba tare da an tambaye shi komai ba, ko an ba shi hanyar yin tasa tambayar, wannan bai cika sharaɗi ba. Masu kamfani da yawa suna faɗawa wannan ramin idan suka ce za su haɗa nasu horon: su ɗauko bidiyo daga YouTube, su tura a zauren WhatsApp na ma'aikata, su ɗauka an gama.

Abin da ke cikinsa doka ce ta lissafa shi, ba ra'ayin masu tsarawa ba. Bayanin mene ne cin zarafin da misalansa, da cewa haramun ne a dokar birni da ta jiha da ta tarayya. Inda ake kai ƙara a waje: hukumar birnin, sashen kare haƙƙin ɗan Adam na jiha, da EEOC, hukumar tarayya mai hana nuna wariya a wurin aiki. Haramcin ramuwar gayya a kan wanda ya yi ƙorafi. Abin da ganau zai iya yi idan abu ya faru a gabansa. Sai nauyin da ke kan shugabannin aiki.

Wurin da kwas ɗin ya fi amfani shi ne ma'aunin doka, domin nan ne mutane suka fi ruɗewa. A kotunan tarayya, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1986 a shari'ar bankin Meritor, sai abin ya yi muni ƙwarai ko ya yawaita kafin a ce wurin aiki ya zama na tsangwama. Birnin New York bai bi wannan ma'auni ba. Tambayarsa ita ce ko an yi wa mutum abin da bai kai na sauran ba saboda jinsinsa. Jihar ma ta sauke tsohon ma'aunin a 2019, abin da ya rage wa mai kamfani ya kare kansa da shi shi ne ya nuna cewa abin bai wuce ɗan ƙaramin saɓani na yau da kullum ba. Manajan da ke cewa "ai sau ɗaya ya faɗa, kuma bai taɓa ta ba" yana magana ne da tsohuwar doka. Haka batun wa'adi: a hukumar birnin mai ƙorafin cin zarafin jinsi na da shekara 3, a EEOC kuwa kwana 300 ne a New York. Ma'aikaciyar da ta san wannan bambancin ba za ta zauna tana jiran "a sasanta a cikin gida" har lokaci ya ƙure mata a tarayya ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kwas ɗin da aka yi wa gari guda ba shi da yadda zai san ƙofar da za a ƙwanƙwasa a kamfaninka. Dokar ma ta san da haka, shi ya sa ta ce mai amfani da kwas ɗin hukumar sai ya sanar da ma'aikatansa hanyar ƙorafi ta cikin gida da kansa. Wannan sharaɗin ne aka fi tsallakewa. A ɗauki misalin mai kula da wata tsohuwa a gida, ɗan tsohuwar yana tare mata hanya a kicin duk safiya. Ta yi kwas, ta ci tambayoyi, tana da takarda. Ƙarfe bakwai na safe ranar Lahadi, wa za ta kira? Lambar da ke hannunta ɗaya ce, ta mai raba aiki, wanda shi ne ke yanke wa za a ba awa 40 wa za a ba awa 12. In ba a ba ta suna na biyu da lamba ta biyu ba, da tabbacin cewa barin gidan ba zai ci mata awanninta ba, minti 45 ɗin nan sun tashi a banza.

Saboda haka ƙarin da mai kamfani zai yi ba mai yawa ba ne, amma kada a yi masa ha'inci. Shafi ɗaya ya isa: sunayen mutum biyu da ake kai wa ƙorafi, ɗaya ba shugaban mutum na kai tsaye ba, zai fi kyau ɗayan ta kasance mace, lambar waya da adireshin imel, cewa ana karɓar ƙorafi da baki ko a rubuce, kwana nawa za a yi kafin mai ƙorafi ya ji amsa, da abin da zai faru idan wanda ake ƙara shi ne mai kamfanin da kansa. Wannan na ƙarshen ne ke sa masu ƙananan kamfanoni shan kunu, kuma shi ya fi muhimmanci a inda manaja ƙanin mai gida ne, akawu kuma matarsa.

Batun harshe ma akwai gyara. Ban da Turanci da Sifaniyanci, an fassara kwas ɗin zuwa wasu harsunan da birnin ke aiki da su, ciki har da Faransanci da Larabci, wanda zai taimaki 'yan Nijar da wasu 'yan'uwa. Babu Hausa. Kuma ko da an fassara kalmomin, misalan na ofishin Amurka ne. Ba za ka ji labarin wasan taubashi a ciki ba, ko dattijon da ke kiran kowace yarinya a wurin aiki "amaryata", yana tambayar yaushe za ta dafa masa tuwo. A tsakaninmu ana ce wa wannan barkwanci, kuma sau da yawa barkwancin ne. Amma idan mai yinsa shi ke rubuta jadawalin aiki, yarinyar kuma ta daina dariya tun watan jiya, dokar New York ba ta san taubashi ba. Abin da take dubawa shi ne ko ana so ko ba a so. Sannan akwai jumlar da ke kashe ƙorafi tun bai tashi ba: "Haba ƙanwata, ki yi haƙuri mana, sa'an babanki ne, kada ki tona masa asiri a ƙasar mutane." Sufabaizan da ya faɗi haka da kyakkyawar niyya ya riga ya jawo wa kamfani magana, domin a tsarin jihar duk shugaban aikin da ya ji ƙorafi ko ya ga abu, wajibi ne ya kai shi gaba, ko da mai ƙorafin ta roƙe shi ya rufa. Kwas ɗin zai faɗi wajibcin. Ba zai sa wa sufabaiza kalmomin da zai maye gurbin "ki yi haƙuri" da su a baki ba. Ga irinsu: "Na ji ki. Ba zan iya riƙe wannan ni kaɗai ba, dole in sanar da wance yau. Ba wanda zai taɓa miki awanni saboda kin faɗa."

Wannan ya kawo mu ga raunin tsarin da ya fi girma: kwas ɗaya ne ga kowa, da mai shara da manaja. Kalifoniya ta raba. Can kamfani mai ma'aikata 5 ko fiye yana ba talakan ma'aikaci awa 1, shugaban aiki awa 2, duk bayan shekara 2, kuma hukumar jihar tana da kwas na kyauta daban ga kowane rukuni. Rabawar tana da hujja. Binciken Frank Dobbin da Alexandra Kalev da aka wallafa a 2019, kan kamfanonin Amurka sama da 800, ya nuna cewa horon manajoji, wanda ke koya musu gane alamu da shiga tsakani, yana biyo da ƙaruwar mata a muƙaman shugabanci, shi kuwa horon gama-gari mai jera haramtattun abubuwa bai ba da wannan sakamakon ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ka zaunar da mutum a matsayin wanda ake zargi, zai toshe kunne. Ka zaunar da shi a matsayin wanda aka ba amanar gyara, zai saurara. Sashen ganau na kwas ɗin New York ya kama wannan hanyar, kuma a ganina shi ne sashen da ya fi cancantar a tsaya a kansa bayan an rufe kwamfuta. Ganau ba sai ya yi fito-na-fito ba: yana iya katse zancen da wata tambayar aiki, ya kira wani babba, ya rubuta rana da lokaci da abin da aka faɗa, ko ya sami wadda abin ya shafa daga baya ya tambaye ta abin da take so a yi.

Ita kanta EEOC, a rahoton kwamitinta na Yuni 2016 ƙarƙashin Chai Feldblum da Victoria Lipnic, ta yarda cewa yawancin horon da aka shafe shekara 30 ana yi bai hana cin zarafi ba, don an gina shi ne a kan kare kamfani daga shari'a. Asalin wannan ɗabi'a hukunce-hukunce biyu ne na Kotun Ƙoli a 1998, Faragher da Ellerth, da suka ba kamfani damar kare kansa idan ya nuna ya ɗauki matakin rigakafi kuma ma'aikaci bai bi hanyar ƙorafin da aka tanada ba. Daga nan takardar shaida ta zama garkuwa. Rahoton ya ce kusan mutum uku cikin huɗu da aka ci zarafinsu ba su taɓa faɗa wa shugaba ko wakilin ƙungiya ba. Mai kamfanin da ke alfahari da cewa bai taɓa samun ƙorafi ba, ya sake duba wannan adadin.

Sai takardun, inda ake yawan yin asara ta sakaci. Hukumar ba ta ajiye sunayen waɗanda suka yi kwas ɗin. Wanda ya rufe shafin bai adana takardarsa ba, ba ofishin da zai je a sake buga masa. Sai dai ya sake zama. Mai kamfani ne doka ta ce ya ajiye shaidar horon, da sa hannun ma'aikaci, na aƙalla shekara 3. Abin da ke faruwa a ƙarshen Disamba sananne ne: hotunan allo suna ta shigowa wayar manaja, ɗaya ya yanke kwanan wata, ɗaya an rubuta "Hajiya Babba" maimakon sunan da ke kan takardar albashi, uku kuma sun fito daga waya ɗaya cikin awa guda saboda wani yaro mai jin Turanci ya danna wa kowa. Maganin shi ne a ware lokaci a cikin awannin aiki, tunda lokacin horo lokacin aiki ne da ake biya, a zaunar da mutum biyar ko shida, kowa da na'urarsa da abin sa wa a kunne, a duba sunan kowa kafin ya fitar da takarda, a adana ta nan take a fayil mai sunansa da shekarar. Minti 15 na bayan nan a yi su a kan shafin ƙorafin cikin gida, da Hausa in ita ce kowa ya fi ji.

A kula da ƙirgan ma'aikata. 'Yan kwangila masu zaman kansu suna shiga lissafin 15 ɗin, kuma ɗan wucin gadi ko mai koyon aiki da ya wuce awa 80 a shekara kuma ya yi kwana 90 shi ma sai an horar da shi. Wanda ya riga ya yi horon a wani kamfani cikin wannan shekarar ba sai ya maimaita ba, amma a karɓi takardarsa a ajiye. Ban da horon akwai fastar hukumar da dole a liƙa da Turanci da Sifaniyanci inda kowa ke gani, da takardar bayani da ake ba sabon ma'aikaci ranar ɗaukarsa.

Masu sayar da kwas na kuɗi suna da abin da suka fi na hukumar: rajistar wanda ya gama da wanda bai gama ba, tunatarwa ta imel, misalai na asibiti ko gidan abinci ko wurin gini, da damar saka hanyar ƙorafin kamfani a cikin kwas ɗin. Kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata a jihohi da yawa yana da dalilin biya, don jadawalin New York da na Kalifoniya ba ɗaya ba ne. Mai ma'aikata 20 a Bronx ba ya buƙata. Jadawali a Excel mai layi huɗu, suna da ranar fara aiki da ranar horo da inda takarda take, zai yi masa aikin. Wanda kuma ke Kano ko Abuja yake tunanin aron kwas ɗin, ganin Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai hana cin zarafi a wurin aiki, a 2022, zai iya ɗaukar sashen ganau da na ramuwar gayya ya gina nasa a kai, amma wa'adin kai ƙara da sunayen hukumomi da ma'aunin doka duk na New York ne, sai ya cire su ya sa na gida.