Sharhi kan littattafan jagorar manhajojin kalanda ga wakilin ƙirƙirarriyar basira

Wata ƙaramar cibiyar koyar da sana'o'i a nan Damagaram ta ba ni aikin haɗa mata wakili, wato mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, wanda zai karɓi saƙonnin jama'a ta WhatsApp, ya duba lokacin da malamai ke da sarari, sannan ya rubuta ganawar a kalanda ba tare da sakatare ya sa hannu ba. Na gwada kalandar Google, da ta Outlook wadda ake shiga ta Microsoft Graph (ƙofar da manhajoji ke bi su yi magana da ayyukan Microsoft), da manhajar tsara ganawa ta Cal.com, da wata ƙarama da zan sakaya sunanta. Littattafan jagorarsu na fi zuba wa ido, domin da abin da aka rubuta masa wakilin yake aiki. Mutum idan ya tarar da giɓi a bayani yakan tsaya ya yi tambaya, wakili kuwa sai ya cike giɓin da zato ya aika umarni, a ƙarshe wani bawan Allah ya biya kuɗin kabu-kabu daga Birni ya zo ganawar da babu ita.

Na fara da batun agogo. Nijar tana gaban agogon GMT da awa ɗaya duk shekara, amma cibiyar tana taron mako-mako da wasu abokan hulɗa a Faransa, inda ake tura agogo gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, a dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Jagorar Google ta faɗa ƙarara cewa taron da ke maimaituwa dole a saka masa sunan yankin agogo, wanda namu shi ne Africa/Niamey, kuma ta bayyana cewa ranar da aka rubuta a matsayin ƙarshen taron yini guda ba ta cikin lissafi. Microsoft kuwa tana mayar da lokuta da agogon duniya, wato GMT, sai an roƙi wani yanki a cikin saƙon da wakili ke aika mata, kuma tana da nata sunayen yankuna, inda namu ya zama W. Central Africa Standard Time. Duk wannan yana rubuce, sai dai wajibi ne a kwafo shi cikin umarnin wakili, in ba haka ba zai gaya wa ɗalibi ƙarfe tara alhali ƙarfe goma ake nufi.

Inda na fi daɗewa shi ne yankewar rezo, abin da duk mai aiki da intanet a garin nan ya sani. Wakili ya aika buƙatar rubuta ganawa, layi ya yanke kafin amsa ta dawo, bai san ko an rubuta ko ba a rubuta ba, sai ya sake aikawa. Jagorar Google ta hango wannan, ta ba da damar a ƙirƙiri lambar shaidar ganawa tun daga wajen mai aikawa, ta yadda idan saƙon ya sake zuwa za a mayar da kuskure mai lamba 409 maimakon a rubuta ganawa ta biyu. Microsoft tana da makamancin haka da take kira transactionId, kuma ta bayyana dalilinsa a taƙaice. Google ta kuma ware shafi guda na kurakurai, inda ta nuna cewa 429 na nufin an cika yawan buƙata, a dakata a riƙa ƙara tsawon jira, 410 kuma na nufin a sake karanto kalandar daga farko. Irin wannan shafin ya fi min misalai masu ƙyalli amfani nesa ba kusa ba. Ƙaramar manhajar nan ba ta ce uffan a kan haka ba, duk misalanta na lokacin da komai ya tafi daidai ne, kuma a gwajinmu malami ɗaya ya wayi gari da ganawa iri ɗaya a jere a kalandarsa. Nan take na ajiye ta.

Sai batun wanda ake sanarwa, domin a nan mutuncin cibiya yake. A Google ba a aika gayyata sai an buƙata ta hanyar wani zaɓi mai suna sendUpdates, a Microsoft kuwa da zarar an saka mahalarta gayyata ta tafi, kuma jagorarsu ta yi gargaɗi a kan haka. Ina ganin ya dace kowace jagora ta sa wannan a layin farko, tunda saƙon da ya isa wayar mutum ba ya dawowa.

Cal.com tana da sauƙin karantawa, sai dai a kula da lambar sigar da ake sakawa a kan kowane saƙo, wadda kwanan wata ce kuma tana bambanta daga sashe zuwa sashe. A tsarin MCP, hanyar haɗa wakili da manhajojin da yake aiki da su, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, wakili ba ya karanta jagora gaba ɗayanta, ƴan jimlolin da aka rubuta a ƙarƙashin kowane kayan aiki yake gani, don haka ingancin jagora a wajena shi ne ko zan iya tsamo waɗannan jimlolin ba tare da ƙirƙira ba.

Akwai abin da babu jagorar da ta taɓo. Mutanenmu sukan rubuta “bayan La'asar” ko “in an sauko Juma'a”, ranar Sallah kuma ba ta tabbata sai an ga wata, ga Alhamis ranar kasuwa da ɗalibai ƴan kasuwa ba su samuwa. Waɗannan ni na rubuta wa wakilin da hannuna, tare da sharaɗin ya maimaita wa mutum rana da ƙarfe kafin ya rubuta komai. Kalandar Google na zaɓa wa cibiyar saboda shafin kurakuranta, amma wanda ma'aikatarsa ta riga ta dogara da Outlook zai samu abin da yake buƙata a jagorar Microsoft, muddin ya karanta gargaɗin gayyata kafin gwajin farko.