Takin ganye na buhu da nake sa wa fulawa: ra'ayina a kansa

Masu tambayata wane taki nake sa wa fulawowina, to ga shi, takin ganye ne na buhu, irin wanda ake tara busasshen ganye da ciyawa da ɓawon itace a bar su su ruɓe, babu kashin dabba a ciki ko kaɗan. Kana buɗe buhun za ka ji ƙamshin ƙasa, baƙi ne wuluk kuma yana marmashewa a hannu, alamar ya nuna ke nan. In ka sayi taki ka ji yana wari ko ka tura hannu ka ji ɗumi to bai gama ruɓewa ba, kar ka sa, don zai ƙarasa ruɓewar a cikin tukunya ya janye naitirojin, wato sinadarin da fulawar ke buƙata don ganye ya yi kore, ganye ya koma rawaya kai kuma kana ta zargin rana.

Amma fa kar wani ya zata zai ga canji nan take irin na takin zamani. Naitirojin ɗin da ke cikin irin wannan taki da ƙyar yake wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100, kuma a hankali yake sakinsa. Aikinsa na gaskiya gyaran ƙasa ne, mai yashi ta riƙa riƙe danshi, mai yumɓu kuma ta saki jiki saiwa ta samu iska. Ni kashi ɗaya na taki nake haɗawa da kashi uku na ƙasa, a tukwanen da shuka ta riga ta kama kuma in barbaɗa kamar santimita 2 a sama ba tare da ya taɓa gindin ba. Shi kaɗai zalla kam a'a, daskarewa yake yi ya riƙe ruwa saiwa ta ruɓe.

Ros da haibiskos sun ji daɗinsa sosai wallahi, su dama acici ne, ros ɗin ma nakan ƙara masa ɗan garin ƙashi saboda fosfaras, wani sinadarin abincin shuka da ke cikinsa. Bogenbiliya ce dai ba ta son gata, in ka cika mata taki da ruwa ganye kawai za ta yi ta zubowa, fure kuwa sai dai ka gani a katangar wasu. Masu haɗa shi da toka kuma ku kula, toka tana rage tsamin ƙasa, iksora da gadeniya kuwa ƙasa mai ɗan tsami suke so.

Ƙorafina ga kamfanin da ke haɗa takin shi ne tankaɗe, na sha tsintar guntayen leda da itatuwan da ba su ruɓe ba a ƙasan buhu, sai na sa rariya kafin in zuba a ƙananan tukwane. Ciyawa dai ba ta tsiro min daga cikinsa ba, da alama tarin takin ya yi zafi yadda ya kamata lokacin haɗi, har ya kashe irin ciyawar. Zan sake saya, amma don Allah su gyara maganar ledar nan.