Kilinik ɗin Yamai da maganin yaron nan: likita ya san aikinshi, amma bibiyarsu sai a hankali

Tun watan jiya nake son rubuta abin da ya same mu kan maganin rashin tsai da hankali da anka ɗora ɗana a kai, na bari ne sai raina ya huce, don da a satin da abin ya faru na rubuta wallahi da ba zai karantu ba.

Yaron nan shekararshi 9, shina CE2, wato aji huɗu na firamare, nan Maradi, ɗan fari ne shi ya sa ba za ku ji suna a bakina ba. Tun shina CI, ajin farko, ake kirana lakwal. Ba ya zama, ana bayani shina leƙen taga, bik huɗu ya taɓa ɓatarwa a sati guda, kaye kuwa kullum rabin shafi ne sauran zane-zane. Mushe, wato malamin ajinsu, ya yi duka har ya gaji, malamin islamiyya ma haka, rubutu an sha, tofi an yi. Inna, uwar maigidana, ta ce ƙiriniya ce kawai irin ta ubanshi zai bari. Bai bari ba, sai ma ya fara cewa shi daƙiƙi ne, to nan ne hankalina ya tashi.

Wata ƙawata majiya, ma'aikaciyar asibiti, ce ta ce in kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Yamai, kilinik na kuɗi. Ba sai na faɗi abin da munka biya ba, kun san yadda kilinik ɗin Yamai suke, ga kuɗin bis, kilomita ɗari shida da wani abu ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso da yaron da ba ya iya zama minti goma a kujera, ku dai ku ƙiyasta.

Gaskiya awon farko ba ni da abin cewa sai godiya. Na zaci minti biyar ne a rubuta ordonansi, wato takardar magani, a sallame mu, sai ga shi zama biyu munka yi, kwana biyu a jere. Tun kafin mu taso ya sa anka turo takardun tambayoyi, guda tawa guda ta mushen ajinsu, ya ce shi ba ya yanke hukunci da maganar uwa kaɗai, dole abin ya bayyana aƙalla wuri biyu, gida da lakwal, ya wuce wata 6 ana ganinshi, kuma ya faro kafin shekara 12. Ya tambayi barcinshi, jinshi, ganinshi, ko ya taɓa farfaɗiya, ko akwai mai ciwon zuciya a dangi ko wanda ya faɗi ya rasu farat ɗaya da ƙuruciya. Anka auna kilo, tsawo, tansiyo (hawan jini) da bugun zuciya. Sannan ya ce min "Hajiya, ɗanki ba shi da taɓin hankali kuma ba daƙiƙi ba ne, TDAH gare shi", wato abin da 'yan Najeriya ke ce ma ADHD, rashin iya tsai da hankali wuri guda haɗe da yawan motsi. Ya ce abin na bin jini sosai. Na yi dariya a raina na ce ashe Inna ta canki rabi.

Magani metilfenidat ya rubuta, wanda aka fi sani da Ritaline, ƙwayar 10 mg ce mai tsaga a tsakiya, a karya biyu a fara da rabi, wato 5 mg. Maigida da ya ji sai ya ce ke yanzu da hannunki za ki koya ma yaro shan ƙwaya, a garin da tramol ya gama da samari? Ban ga laifinshi ba. Likitan da kanshi ya karɓi waya ya yi mishi bayani, ya ce e magani ne da doka ke tsaro, shi ya sa ba ya rubuta fiye da na kwana 28, kuma a ɓoye shi inda yara ba sa kaiwa, amma a ƙa'idar da ake ba yaro ba maye yake sawa ba. Ya ce cikin awa guda yake fara aiki, ya yi awa 3 zuwa 4 ya sake shi, kuma ba kamar maganin masassara ba ne da ake duba kilo a ce ga adadinka, sai an riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan sati-sati ana kallon yaron har a dace, iyakarshi 60 mg a yini. Tunda muna nesa, ya ce bibiyar ta WhatsApp za a yi, duk sati in auna kilo da tansiyo nan Maradi in tura.

Satin farko rabi da safe kawai. Ranar laraba mushe ya tare ni bakin ƙofa ya ce Hajiya me kunka ba shi, yau ya kwafe darasi har ƙasa. Na koma gida na yi kuka. Da a lokacin na yi wanga rubutu da yabo ne tun daga sama har ƙasa.

To sai sati na biyu. Lambar da sunka ba ni ashe ba ta likita ba ce, ta sakatariyarshi ce, ita ke kai mishi saƙo ta dawo da amsa. Ta turo min murya ta ce likita ya ce a maida shi sau biyu, rabi da safe rabi da marece. Na sake saurare har sau uku, marece ta ce. Ni kuma abin ya yi min daidai a tunani don islamiyya da marece yake zuwa, sai nake ba shi bayan la'asar. Sati na uku ta sake turo murya, a ƙara ya zama ƙwaya guda-guda, ba ta ko tambayi kilon da na tura ba balle barci. Jama'a, dare biyar yaron nan bai runtsa ba sai wajen ƙarfe biyu, ido ƙur shina kallon rufi, ga zafi ga wuta ta ɗauke, da safe in tashe shi kamar gawa in ɗura mishi wata ƙwayar. Abinci kuwa ya daina, yaron da ke cinye tuwon ƙanwarshi, ko ƙosai ya gani sai ya kau da kai, hura kaɗai yake ɗan kurɓa. Ya yi shiru, wani irin shiru da ba nashi ba, har Inna ta ce min ke kin mayar min da jika dolo, ku bar mishi ƙiriniyarshi ta fi. Ban da bakin amsawa.

Na tura saƙo litinin, an karanta ba amsa. Talata na kira sau shida. Laraba ta ɗauka ta ce likita ya yi tahiya, in ci gaba yadda anka ce. In ci gaba! Na je farmasi anka ɗora shi a sikeli ya rage kilo ɗaya da rabi cikin sati biyu, mai farmasin ne ma ya ce in kawo ordonansin ya gani, ya duba ya ce Hajiya ai nan safe da tsakar rana anka rubuta, wa ya ce miki marece? Ni faransancina na lakwal ne amma rubutun likita sai su, ban taɓa tsayawa na karanta ba tunda na yarda da muryar da anka turo min. Ashe wanga magani in an ba shi da yamma barci yake kora, shi ya sa ake so na biyun ya kasance wajen azahar. Abin da kalma guda ta ja mana ke nan. A ranar na daina ba shi na marecen da kaina.

Sai jumma'a likitan ya kira. Zan faɗi gaskiya, bai kare kanshi ba, ya ce kuskurensu ne, ya ba da haƙuri, ya ce da ya ga kilon da bai yarda an ƙara ba. Ya maida mu 10 mg da safe, 5 mg da azahar, ya ce ya ci abinci ya ƙoshi kafin ya sha, da dare kuma in bar shi ya ci ko sau biyu ne don lokacin yunwar ke dawowa. Ya ce shirun nan alama ce adadin ya yi mishi yawa, ba haka ake son maganin ya yi ba. Har na fara hucewa, na ce to mutum ne ajizi.

Amma ku ji, ƙarshen wata sai ga saƙo wai in tura kuɗin kontrol, wato na bibiya, na sati huɗu, har da satin da sunka bar ni ina kiran waya kamar mai bin bashi. Kontrol ɗin me? Muryar sakan ashirin? Na biya don ordonansi na hannunsu, wanda ke riƙe da igiya ai shi ke da akuya, amma har yau abin na ci na. Ga kuma neman maganin, farmasi uku na zaga nan Maradi babu, sai daga Yamai ake sawo min a ba direba, wata guda da ya makara kwana shida yaron ya yi babu, mushe ya gane tun ranar farko. Ba wanda ya gaya min tun farko in yi oda da sauran kwana goma.

Na tambayi likita ko babu wanda ake sha sau guda a huta da zancen azahar, don sai na aika ƙanena lakwal da ƙwaya a ƙulle. Ya ce akwai mai dogon aiki irin Concerta da ke kai wajen awa 12, daga 18 mg yake farawa, kuma ba a karya shi ba a tauna shi, sai dai tsada da wuyar samu. Akwai kuma wani magani daban, atomoksetin, in metilfenidat bai karɓe shi ba, amma shi sai an yi makonni ana sha kafin a ga aikinshi. Mun tsaya a na yanzu.

In kuna tambayata ku je ko kar ku je, don awo ku je, ban yi nadamar kuɗin nan ba. Don daidaita magani daga nesa kuwa, ni dai yanzu ba na karɓar murya, na ce musu duk canji a rubuta da hannun likita a ɗauki hoto a turo, in kai ma mai farmasi ya karanta min da awa da adadi. Yaron ya maido kilo guda, saura rabi, shina barci ƙarfe tara da rabi, jiya ma ya fasa min tulu shina ƙwallo a tsakar gida Inna na ta murna wai jikanta ya dawo. Sakatariyar kuwa har yau ko sannu ba ta ce min ba, kuma ita zan tarar a teburi in mun koma randebu wata mai zuwa.