Wata shida da komawa banki marar kuɗin ruwa

Ni malamin makaranta ne a Jos, albashinmu kuwa sai ranar da ya ga dama yake shigowa. Bara na danna "na amince" a manhajar wani banki ba tare da na karanta ba, ashe izini na ba su in riƙa cire fiye da abin da ke asusuna.

Ran nan a Farin Gada na sayi buhun dankali da kwandon tumatir. Mai POS ya miƙo min kati ya ce, "Malam, ya wuce." Na kama hanyar Anguwan Rogo ina jin daɗi, alhali dubu huɗu kacal nake da ita, sauran bashi ne. Albashi ya yi lattin mako uku. Da ya shigo, kafin in taɓa shi sun kwashe nasu da kuɗin ruwa da ladan hidima.

Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda manhajar ke haɗa kuɗina da rancensu wuri guda, ta nuna min jimla kamar duk nawa ne. Wanda aljihunsa ya bushe shi ke faɗawa wannan rami, kuma shi ake tatsa. Ko mai shagon unguwa in zai ba ka bashi, a gabanka yake rubutawa a littafi.

Sai na koma ɗaya daga cikin bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa. Jaiz ne ya fara wannan tsari a Najeriya a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019. A nan in babu kuɗi, kati ya ƙi, shi ke nan. Sau biyu na sha kunya a gaban mai nama, amma na kwana babu bashin kowa a kaina. Firij ɗin gida ma ta murabaha na saya: banki ya saye shi, ya sayar min da ribar da muka yanke tun farko, ina biya wata-wata.

Kada dai a zaci kyauta ne. Kuɗin saƙon waya yana nan, harajin naira 50 na gwamnati kan tura dubu 10 zuwa sama ma yana nan. Rassansu kaɗan ne, takardun murabahar kuwa sun cinye min mako biyu ina zarya.

Gibin ƙarshen wata yanzu adashin malamai ke toshe min shi. Mu takwas ne, kwasata ta faɗo watan da ake biyan kuɗin makarantar yara.