Gargaɗi ga masu neman gida a Zariya: hattara da "gidan gado" mai araha

Jama'ar Zariya da kewaye, musamman ma'aikata da malaman makaranta da ƙananan 'yan kasuwa da suka gaji da zaman haya, akwai wata damfara da ke yawo a WhatsApp da Facebook, ta riga ta cinye wa bayin Allah guminsu, kuma masu yin ta ba su daina ba. Gida ake tallatawa, yau a ce yana Dogarawa, gobe Hayin Dogo ko Gyallesu: ɗaki uku da falo, da rijiya, da katanga, a kan kuɗin da ko fili da ƙyar zai saya maka a unguwar. In ka tambayi dalilin arahar, amsar ba ta sauyawa. Wai gidan gado ne, magada na sauri a sayar a raba.

Abin da ke rufe wa mutane ido shi ne gidan yana nan, ba na bogi ba ne. Dillali zai ɗauke ka a babur har ƙofar gidan, ya zaro makulli daga aljihu ya buɗe. Ka shiga ka ga tsakar gida ganyen darbejiya ya cika ta, ka leƙa rijiya ka ga ruwa, ka fara lissafin ɗakin da za ka ba yara. Sai a kawo maka wani mutum mai kamala, da carbi a hannu, a ce shi ne babban ɗan marigayi kuma wakilin magada. Wani lokaci ɗan marigayin ne da gaske, sai dai shi ɗaya ne cikin 'ya'ya da yawa, kuma babu wanda ya wakilta shi. Wani lokaci kuma babu ma wani gado, mai gidan na raye a Abuja ko Legas, mai gadi ne aka ba wa na goro ya ba da aron makulli.

Daga nan sai matsin lamba. "Malam, wallahi wani Alhaji daga Kano ya taya, gobe zai turo kuɗi. Ni dai na fi so gidan ya faɗa hannun ɗan gari. Ka ajiye kafin alƙalami yau, takardu sai mu bi su a hankali." Asusun da za a ba ka ba na wanda aka ce shi ne magajin ba ne, ko a ce ka cira a wajen mai POS ka kawo a hannu. Takardar ciniki kuwa a shagon kwamfuta aka buga ta, shaidun da suka sa hannu duk yaran dillalin ne.

Wata malamar firamare a layinmu haka aka yi mata. Ta kwashi adashinta, ta sayar da sarƙa da 'yan kunnen gwal na aurenta, mijinta ya cika, suka biya fiye da rabin kuɗin. Ranar da suka kai magini ya duba rufin, suka tarar da wani bawan Allah a ƙofar gidan riƙe da tasa takardar, rubutu iri ɗaya, sa hannu iri ɗaya. Ana cikin cacar baki sai ga 'ya'yan marigayin mata sun iso, suka ce ba a raba gado ba, ko tumunin takaba na mahaifiyarsu ba a fitar ba. Wayar dillali tun ranar a kashe take. Har yanzu baiwar Allah tana gidan haya, ga bashi a wuyan mijinta.

Ku gane, gidan da ba a raba gadonsa ba hakkin kowane magaji ne. Sai an biya bashin mamaci an zartar da wasiyyarsa, matarsa ta karɓi kashi 1 cikin 8 idan akwai 'ya'ya, 'ya mace ta sami rabin kason namiji, marayu ƙanana kuma a tsare musu nasu. Girman shekaru bai ba ɗa guda ikon sayar da rabon 'yan uwansa ba. Don haka ka nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ka je kotun da ƙafarka a tabbatar maka daga can ta fito. Idan ba a je kotu ba, to a tara maka magadan gaba ɗaya, har matan da ke ɗakin aure, kowa ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda, ya sa hannu.

In an nuna maka takardar mallaka ta gwamnati, wadda ake kira C of O, kada ka yarda da kwafi. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma sauya sunan mai irin wannan takarda sai da amincewarsa. A jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye. Kai lambar takardar a bincika maka sunan wa ke kanta, kuma ko an jinginar da gidan a banki. Ka leƙa KASUPDA ma, wato hukumar tsara birane ta jihar, don mun ga rusau a garin nan, mun ga mutane sun saya da kuɗinsu ashe filin gwamnati ne.

Gidaje da yawa, musamman a cikin birni da tsofaffin unguwanni, ba su da wannan takarda sam. A nan mai unguwa ne madogara. Je ka same shi kai kaɗai, ba tare da dillalin ba. Ka tsaya ka yi la'asar a masallacin layin, bayan sallama ka gaida liman ka ce, "Allah gafarta Malam, gidan nan na wane ne?" Maƙwabta sun san wanda ya rasu, sun san 'ya'yansa nawa, sun san ko ana rigima. Wannan binciken ko sisi ba zai ci maka ba.

Ba duk dillalai nake zargi ba. Akwai dattawan da suka tsufa a sana'ar suna cin la'adarsu ta halal, kuma irinsu ba sa jin haushi don ka ce za ka bincika, su ma za su raka ka. Wanda ya ɓata rai, ya ce ka raina masa mutunci ko ba ka yarda da Musulmi ɗan uwanka ba, ɗauki hularka ka tafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun waɗanda aka cuta. Kunya ta sa sun bar wa Allah, su kuma mutanen nan sun koma wata unguwa da sabon layin waya. Wanda abin ya shafa ya adana rasit na tura kuɗi, da saƙonnin murya, da hoton tallar, ya kai wa 'yan sanda ko EFCC, ya kuma sanar da bankinsa da wuri. Masu tura tallar gidaje a zaurukan WhatsApp na unguwa da na ma'aikata kuma, don Allah ku daina tura abin da ba ku san mai shi ba. Malamar nan a zauren malaman makarantarsu ta ga tallar, kuma abokiyar aikinta da ta yarda da ita ce ta turo.